Akwatin da Ke Bayan Bangona

Cikina na uku ne, amma ban taɓa goya ɗa ba. Na farko ya zube tun bai zama mutum ba. Na biyu ya kusa isa haihuwa, sai wata safiya ya daina motsi. Na yi ta jira ina cewa barci yake yi, har aka kai ni matanite, asibitin haihuwa, aka fitar da shi ba rai. Shi ya sa da na uku ya shiga, a tsakiyar shekarun casa'in ɗin nan, ba wanda ya yi murna a fili a gidanmu na Madarumfa. Kowa ya kama bakinsa, ni ma na kama nawa. Ba wanda ya taɓa ce mini mai wabi a gaban idona, amma ina ganin kalmar a fuskar matan da ke shigowa gaisuwa.

Gidan surukaina ne. Maigidana direba ne, yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Maraɗi da Katsina, sai ya yi kwanaki ban sa shi a ido ba. Mahaifinsa, wanda duk muke kira Malam, mutum ne mai sanyin murya da ba a yi wa gardama. Ba ya duka, ba ya zagi, amma in ka kunna rediyo aka gama labaru aka sako kiɗa, za ka ji gyaran muryarsa daga zaure, kai da kanka za ka yi maza ka murɗe. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. A durƙushe nake gaishe shi, kaina a ƙasa, kuma daga gaisuwa ban taɓa ƙara masa kalma ɗaya ba.

Uwar mijina, Inna, ita ta ɗauki cikin nan kamar a jikinta yake. Ta hana ni daka, ta hana ni ɗaukar tulu, ta ce da an yi azahar in shige ɗaki in kwanta sai la'asar. Ta kuma ba ni wata 'yar wuƙa mai kube, ta ce duk inda za ni in soke ta a zanena, don mai ciki ba ta fita ba ƙarfe a jikinta.

Sai ƙanin mijina, abokin wasana. Ya yi shekaru yana zuwa cin rani Kano, ya dawo da sana'ar kafinta da wando mai faɗin ƙafa da surutu kamar an kunna shi. Yana ce mini matata, ina ce masa ragon miji. Malam ya ba shi wani tsohon ɗakin ajiya da ƙofarsa ke kallon lungun baya, a can yake haɗa benci da tebur. Ni dai ban taɓa leƙa lungun ba, ba abin da zai kai matar aure can.

Wata rana zaman ɗakin ya ishe ni. Inna ta tafi barka, yaran gida duk sun watse, ga abincin masu ban ruwa a garkar Malam da ke bakin tafki yana neman hucewa. Na ce bari in kai, in miƙe ƙafa. Na yafa mayafi na ɗauki kwano na fita da rana tsaka, wuƙar Inna tana ƙarƙashin matashi inda na bar ta. A hanyar dawowa na bi ta wurin masu bandar kifi. Wata tsohuwa ta ɗago daga cikin hayaƙi, ba ta dubi fuskata ba, gabana ta duba.

Ta ce, "Ke ɗiyata, da wanga kaya a gabanki kike yawo bakin ruwa rana tsaka? Ina ƙarhenki?"

Na shafa ƙuguna, wayam. Ta girgiza kai ta ce Allah ya tsare, ta koma kan kifinta. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san tafkinmu ba ruwa ne kawai ba, akwai kaburburan bayin Allah waliyyai a kewayensa. Mata kuma suna ƙarawa da nasu a wajen kitso, wai a ƙarƙashin ruwan akwai masu kiɗa, wanda duk ya ji kiɗansu to shi ake kira. Da ina yi wa zancen dariya. Ran nan dai da sauri na iso gida.

Ba a daɗe ba abin ya fara. Ina kwance bayan azahar, matan gida sun soma dakan tuwon dare, taɓare na sauka a tsakar gida kamar kullum. Sai na ji wani bugu da ba na turmi ba. Ba ma a kunne na fara jin sa ba, a ƙirji na ji shi, dum, dum-dum, dum. Na ɗauka zuciyata ce, na dafe ta, na tarar ita nata gudun daban take yi. Gadon ƙarfena ya ɗauki 'yar rawa. Kwanonin jerena suka shiga kaɗawa, murfi na taɓa murfi. Ruwan moɗar da ke gefen gado ya yi ta rawa alhali ba wanda ya taɓa shi. Babu waƙa, babu murya, babu zaƙin kalangu, bugu ne kawai mai nauyi, kuma ba ka iya nuna inda yake fitowa. In na juya gabas yana nan, in na juya yamma yana nan, in na sa kunne a ƙasa sai in rantse daga cikin ƙasa yake tasowa.

Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne ɗan cikina ya amsa. Da bugun ya fara sai ya shiga juyi da harbi, irin wanda bai taɓa yi ba. Na riƙe cikina da hannu biyu ina karanto duk abin da ya zo bakina. Abu ɗaya ne a raina, ana kiransa yana amsawa.

Na fito tsakar gida zufa na zuba. Ba komai sai taɓare da hirar mata, kaji na tsattsage kusa da turmi. Wata ta ce, "Lahiya, amarya?" Na ce zafi ne. Na koma ɗaki, yana nan yana jirana. Daf da la'asar, da aka gama daka, ya ɗauke kamar an yanke shi da wuƙa.

Kashegari ya dawo, jibi ma haka. An ce tsoro na daji, kunya ta gida, to ni duka biyun a ɗaki ɗaya suka ritsa ni. Ba na iya buɗe baki in yi zancen cikin, balle in ce na fita ba wuƙa. Abinci ya daina shiga. Da na ji an kira azahar, mata sun jawo turmi, sai hawaye. Na taɓa rasa ɗa ina kwance ina jira, ga shi kuma yanzu ana zuwa ɗaukar wani a gabana da rana kata, ni kuma ba abin da na iya sai riƙe ciki.

Inna ce ta ritsa ni, ta ga na rame. Na gaya mata rabi. Ta ce za ta zauna da ni ta ji. Kunnenta ya yi nauyi tun tuni, na san ba za ta ji komai ba, har ina fatan ta ce mini shirme ne. Ta zauna bakin gado tana jan carbi. Da abin ya fara sai na ga carbin ya tsaya. Ta ɗora tafinta kan ƙarfen gadon, ta dubi kwanonin, ta dube ni.

Ta ce, "Kin hita ba wuƙar nan?"

Na ce, "Sau guda, Inna. Bakin tabki."

Da ta zage ni da na ji sanyi. Sai kawai ta tashi ta fita tana salati.

Daga nan maganar ta kai ga Malam. Ya yi mini rubutu na sha, aka turara ɗakin, kashegari kuma bai tafi garka ba. Ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗakina ya yi ta karatu tun daga azahar har la'asar, ina ciki ina saurare. Ko ɗis ba a ji ba. Ya ƙara kwana yana yi, shiru. Da ya koma garka, ran nan abin ya dawo. Muka lura kuma ran Juma'a, da Malam ke wuni a gida, ba ya zuwa. To me ya rage? Duk gidan aka tabbatar abin yana tsoron Malam, kuma abin da ke tsoron karatu an san ko mene ne. Rashin sani ya fi dare duhu, amma mu a lokacin gani muke mun gama sani.

Inna ta mayar da ni ɗakinta da rana, can ɗaya gefen gidan. A can ba na jin komai a jikina. Sai dai in na zo wucewa ta ƙofar ɗakina, ina jiyo kwanonina suna kaɗawa su kaɗai a ɗakin da ba kowa. Wannan ya fi na da tayar mini da tsikar jiki, don gani nake ya zo bai same ni ba yana lalube.

Wata rana ina tsaye daga nesa ina saurare, sai na ji tartsatsin faɗuwar abu. Na leƙa. Babbar tasar da uwata ta saya mini, wadda ta fi kowace kyau a jeren, ta zamo ta faɗi, fentin bakinta ya ɓantare. Ni mace ce mai zuciya, duk wanda ya zauna da ni ya sani. Ban san lokacin da tsoron ya juye ya koma fushi ba. Na ce ka hana ni ci, ka hana ni barci, kana neman ɗana, yanzu kuma har da tasar uwata? Na zaro wuƙar Inna na shiga. Na bi bangon ɗakin ina dafawa ɗaya bayan ɗaya. Na gabas da sauƙi, na ƙofa da sauƙi. Da na kai bangon baya, can ƙasa wajen kusurwa, sai na ji shi yana bugun tafin hannuna sosai. Na tsaya na yi tunani. Tafki ai ba ta nan yake ba, ta gaban gida yake. Wane irin mai ruwa ne zai bar hanya ya zagayo ta lungu?

Na yafa mayafi na fita ta 'yar ƙofar awaki, na bi jikin katanga hannuna na kanta. Bugun na ƙaruwa har na isa wata ƙofar kwano a sakaye. Sai a lokacin na gane ɗakin ajiyar nan baya da baya yake da ɗakina, bango ɗaya ya raba mu. Na yi bisimilla na banka ƙofar.

Ƙanin mijina ne a tsugune, ba riga, fensir a bayan kunne, yana gyaɗa kai ido a lumshe. A kusurwa, manne da bangona, ga wani ƙaton akwati na katako, ba fenti, a rufe ruf ta kowane gefe, sai rami guda ɗaya da aka soka wa guntun tiyon roba mai faɗi. Waya ta fito daga bayansa zuwa wata na'ura da batirin mota da 'yar rediyo mai kaset. Wani tsumma da ke rataye kusa da ramin yana ta kaɗawa.

Ya buɗe ido ya gan ni da wuƙa tsirara, ya yi tsalle ya kashe abin. Ban soke shi ba, Allah ya kiyaye, amma takalmina ya ci rabonsa. Ina dukansa ina kuka ina zaginsa, yana karewa da hannu yana cewa, "Matata, tsaya! Mi na yi? Don Allah rage murya kar a jiya!"

Na ce, "Kai ne aljanin? Kai ne Malam ke ta kora da karatu? Amma kai ko an yi ɗan banza!"

Wallahi bai sani ba. Kwana yake a shagon abokinsa, gida sai cin tuwo, kuma zancen cikin mace ba abin da ake yi a gaban samari ba ne. Ya ji dai ana cewa ba ni da lafiya. Da na gaya masa abin da ya jawo, sai ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai. Can kuma dariya ta ƙwace masa, ni ma ta ƙwace mini, ina yi ina share hawaye.

Ya ce sono yake son kafawa, irin kayan sautin da ake haya a wajen biki. A Kano ya ga ana haɗa wannan akwati wajen wani ubangidansa, a Maraɗi kuma bai ga mai irinsa ba tukuna. Na ce ƙarya yake, ni na san bafil, akwatin sautin biki, ai ana ganin lasifikar a gabansa baƙa ƙirin tana rawa, wannan kuwa ba fuska ba baki. Sai ya jawo wani na biyu da bai gama rufewa ba, ya ce in leƙa.

An raba cikinsa gida biyu da katako a tsakiya, a jikin katakon aka ɗaure lasifikar, babba kamar faifai.

Ya ce, "Kin gani, ɗaki biyu ne. Na bayanta a toshe yake, na bi duk wata kafa da gam da garin katako, ko numfashi ba ya hita. In ta ja baya, iskar da ke ciki ta tokare ta, kamar an sa mata matashi. Na gabanta shi ke da wanga tiyo. Muryar mawaƙi da sarewa da duk wani siririn sauti, nan ciki suke mutuwa. Wanda ya yi ƙasa ƙwarai shi ma ba ya samun hita. Na tsakani, wanda ya yi daidai da tiyon, shi kaɗai ke wucewa, kuma in ya hito da ƙarhi yake hitowa, ya hi na akwatin da kika sani."

Ya ɗauki kwalbar lemo ya hura bakinta, ta yi huuu. Ya ce ko yaya ka hura, muryarta ɗaya ce, girman cikinta da tsawon wuyanta ne suka yanke mata ita. Haka akwatin yake. In tiyon ya yi tsawo muryar ta yi zurfi, in ka rage shi ta ɗago. Shi ya sa kullum yake gwaji, yana yanka kaɗan-kaɗan yana saurare.

Na ce, "To ashe shantu ka yi na katako. Dogon shantu ai ya fi gajere kauri, wannan ko yarinya ta sani. Don wannan ka je har Kano?"

Ya ce, "Wallahi kin hi ubangidana iya bayani."

Ƙananan lasifikun da ke fitar da waƙa suna nan ya turmusa su cikin buhu, bai taɓa haɗa su ba, don da Malam ya ji murya ɗaya ta mawaƙi kashinsa ya bushe. Wannan kuwa ba ya waƙa, bugu kawai yake yi, sai ya ɓoye shi cikin dakan mata, kuma ba ya taɓa kunnawa in Malam na gida. Bai san irin wannan sauti katangar ƙasa ba ta tare shi ba, bi ta cikinta yake yi.

Yana ta zuba, jin daɗin ya sami mai saurare, sai ya ce, "Aibinshi guda ne. Lasifikar da ke waje, in ka matsa mata za ka ji tana gargada, ka rage. Wagga da ke ciki kuwa ko tana wahala ba ka ji. Tana iya ƙonewa kana nan kana murna. Sai dai ka ji ƙauri daga ramin, ko ka ji shiru."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya gane inda maganar ta faɗa. Ya rantse mini ba zai sake kunnawa ba har in sauka lafiya, ni kuma na ce ba zan tona shi ba. Na koma ta ƙofar awaki. Bugu ya ɗauke daga ranar, Inna ta ce rubutu ya ci, ta yi sadakar waina. Na koma ɗakina, abinci ya fara shiga.

Na ɗauka tsoro ya ƙare ke nan. Ashe na gaskiyar bai zo ba tukuna.

Cikina ya tsufa sosai, wata ranar Juma'a na farka na ji jikina shiru. Na yi lissafi, tun la'asar ɗin jiya ban ji motsinsa ba. Na sha ruwan randa mai sanyi, na kwanta ta gefe, na jira. Na sha koko da sukari. Na danna nan, na danna can, ina yi masa magana a hankali. Ba komai. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, ni kuwa wannan ba tsumma ba ne, shirun nan na san shi, na taɓa kwana da shi. Inna ta tafi suna garin Gabi tun da sassafe, maigidana yana kan hanya. Na san matanite ya kamata in nufa, amma ƙafata ta ƙi, don a can ne wata ungozoma ta ɗora ƙahonta na sauraron ciki a cikina wancan karon, ta daɗe tana saurare, sannan ta kau da kai. Ba zan iya sake ganin wannan kau da kan ba.

Ina zaune bakin gado har aka sauko daga masallaci. Na ji Malam ya shigo zaure da baƙinsa. Idona na kan bangon baya, sai na tuna abin da ya fi ba ni tsoro a kwanakin can, wato duk lokacin da akwatin ya buga, yaron nan sai ya amsa.

Na same shi yana goge ƙafar tebur. Ya ɗago zai fara tsokana, ya ga fuskata ya fasa.

Na ce, "Kunna."

Ya ce, "Malam na zaure. Kuma ba a fara daka ba."

"Na sani."

"In ya jiya, kin san..."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗi abin da ban taɓa zaton zan faɗa wa namiji ba, na ce, "Tun jiya bai motsa ba."

Bai ƙara tambaya ba. Ya jawo akwatin tsakiyar ɗaki, ya maƙala wayoyi a batir, ya tura kaset. Na durƙusa gaban ramin na kai cikina daf da shi. Bugun ya taso, iska na fita tana kaɗa mini zane, ina jin sa har cikin haƙorana. Na ɗora tafuna biyu ina jira. Ba komai.

Na ce, "Ƙara."

Ya murɗa. Kwanon rufin ya ɗauki kuka, ƙasa ta fara zubowa daga bango, awaki suka ruɗe a waje. Ta cikin katanga ina jiyo kwanonina suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, ban damu ba. Ina kiran sunan Allah, ina cewa tashi mana, tashi don Allah, kar ka yi mini haka kai ma. Cikina shiru kamar dutse.

Na ce, "Ƙara!"

Ya murɗa har ƙarshe. Can sai na ji wani wari na fitowa daga ramin tare da iskar, ƙaurin waya mai ƙonewa. Shi ma ya ji, na ga hancinsa ya motsa. Ya san abin da ke faruwa a ciki, lasifikar da ya yi rani guda yana wahala kafin ya mallake ta. Ya dube ni, ya janye hannunsa daga kan na'urar ya rungume shi a ƙirji.

Hasken ƙofa ya dushe. Malam ne a tsaye da rigar Juma'arsa, carbi a hannu, baƙinsa na leƙe daga bayansa. Ya dubi akwatin, ya dubi ɗansa, ya dubi surukarsa durƙushe ba mayafi a ɗakin samari. Ƙanin mijina ya kai hannu zai kashe. Ni kuma, da ban taɓa ɗaga kai a gaban bawan Allahn nan ba, na dube shi ido cikin ido na ɗaga murya don ya ji ni cikin ƙarar.

Na ce, "Baba, ba ya motsi."

Ya ɗaga wa ɗansa hannu ya ce, "Bar shi." Ya juya ya sallami baƙinsa, ya dawo ya tsaya bakin ƙofa leɓunansa na motsi, kiɗan da ya hana a gidansa tun kafin a haife mu yana girgiza masa riga.

Ban san iya daɗewar da muka yi ba. Ƙaurin ya cika ɗakin. Sai akwatin ya yi wata 'yar shaƙuwa, ya ɗauke ɗif. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar nauyi, ina jin numfashin mutum uku. Na ce shi ke nan, na sunkuyar da kai.

A cikin shirun nan ne na ji shi, can ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, ɗan ƙaramin shuri kamar na mai jin haushin an tashe shi. Ban yarda ba, na riƙe numfashi. Ya sake, wannan karon har tafina ya ɗaga.

Na ce, "Ya motsa." Muryata ba ta fita ba, sai da na maimaita.

Malam ya zauna a dokin ƙofa, kan ƙasa, da farar rigarsa. Ya shafa fuska da hannu biyu ya daɗe bai sauke ba. Da ya sauke sai ya ce wa ɗansa, "Tashi ka nemo mota, a kai ta matanite yanzu." Ya ɗan dubi akwatin ya ƙara da cewa, "Wanga ne na kwana biyu ina yi wa karatu?"

A matanite suka ce gara da aka zo, suka riƙe ni, ba su bar ni na koma gida ba sai da na sauka. Mace ce, 'yar mitsitsiya, da murya kamar ta mutum goma. Ranar suna ba a yi kiɗa ba, gidan Malam ne. Ƙanin mijina ya buɗe akwatin daga baya ya nuna mini lasifikar, tsakiyarta ta ƙone ƙurmus. Bai sake samun irinta ba sai bayan rani biyu, kuma a Maraɗi ya kafa sonon nasa. Malam bai taɓa sa masa albarka a kan sana'ar ba, bai kuma taɓa hana shi ba.

Yarinyar yanzu tana da nata 'ya'yan. Unguwar da nake zaune, 'yan samari kan wuce da motoci masu irin wannan akwati a baya, tagogi su yi ta rawa, maƙwabta su yi ta tsine musu. Ni ma ina tayawa, don bakina bai mutu ba. Amma kafin in buɗe baki, sai in tarar hannuna ya riga ya kai kan cikina, yana jira.